Amsa ga mai haɗa motar roba ta farko: bodi ake fara yi wa fenti

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka. Ka sayi kwalin ƙaramar motar roba mai sikelin 1/24, ka buɗe ka tarar da ɓangarori birjik a maƙale jikin firam, kana so ka san ko haɗawa ake fara yi ko fenti, kuma ko dole sai ka mallaki injin feshi. Barka da shigowa wannan wahala mai daɗi. Na bari sai da na samu zama ne, don amsar ba ta layi biyu ba ce.

Maganar injin feshi, ajiye ta tukuna. Gwangwanin feshi ya ishi bodi, burushi biyu kuma, siriri da mai ɗan faɗi, sun ishi injin motar da kujeru da dashbod. Ka ƙara da wuƙa mai tsini irin ta masu zane, da ɗan abin datsa (abin yanke farce ma yana yi a farko), da samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, da tsinken sakace, da matsefata. Kada ka murɗe ɓangare daga firam da hannu, zai tafi da naman robar ya bar rami. Datse shi ɗan nesa, sannan ka goge ragowar.

Takardar da ke cikin kwalin, ko ta kamfanin Tamiya ce ko Revell ko Aoshima, galibi da inji ko ƙarƙashin mota take farawa, bodi sai can ƙarshe. Jerin haɗawa ke nan, ba jerin fenti ba. Ni ranar da na buɗe kwali bodi nake fara ɗauka, domin shi ne ya fi buƙatar kwanakin bushewa, kuma shi ido yake fara sauka a kai. Idan ka fesa shi ka ɓoye, sauran aikin zai ɗauke maka hankali har ya bushe. Idan kuwa ka bar shi ƙarshe, komai ya kammala sai shi kaɗai, wallahi hannunka ba zai iya haƙuri ba.

Abin da ya same ni ke nan a motata ta farko, wata ja. Na gama ciki tsaf, na fesa bodi da yamma, washegari da safe na taɓa gefe na ji kamar ya bushe, na kama shi na danna kan sauran motar. Da na ɗaga babban yatsana sai ga zanensa raɗau a kan rufi, layi bayan layi kamar na dangwala a takardar shaida. Fentin inamel ne, samansa ya bushe, cikinsa ɗanye. Maimakon in tsaya nan, sai na ɗauko wani gwangwanin ja na daban na fesa don in rufe tabon. Ina kallo fentin ya fara tattarewa yana yamutsewa kamar fatar tsoho. Garin gyaran gira na rasa ido.

Daga baya na gane dalili. Fentin wannan aiki iri uku ne: akirilik, inamel, da laka (ba lakar kogi ba, sunan ne ya zo ɗaya). Laka shi ne mai zafin tina, yana cin inamel idan aka ɗora shi a kai. Akirilik ko inamel a kan laka da ya bushe ba su da matsala. Gwangwanayen Tamiya masu lamba TS laka ne, ƙananan gwangwanayen Humbrol na Ingila kuma da inamel aka san su. Kafin ka ɗora wani fenti kan wani, gwada a bayan cokalin roba. Asarar cokali ba ta da ciwo.

Shirya bodin kuwa, nan ne aikin yake. Ɗaga shi a haske, za ka ga wani siririn layi ya bi ta kan fenda da ginshiƙan rufi, wurin da bakin abin zubin robar ya haɗu. Motar gaske ba ta da shi, fenti kuma ba ya ɓoye shi, tona shi yake yi. Goge shi da 600, ka bi da 1000, ka wanke bodin da sabulun wanke kwanuka don maiƙon masana'anta da na hannunka su fita, ka bar shi ya sha iska. Sai ka lanƙwasa waya ka maƙala ta ciki da salatif, ta zama mariƙi. Daga nan ba ka ƙara taɓa bodin da yatsa.

Firaima, wato fentin shimfiɗa da launi ke hawa kansa, ake fara fesawa, sannan launin. Idan launin da kake so mai haske ne, fari ko rawaya ko ja, nemi farar firaima, don mai ruwan toka tana dusar da su. Girgiza gwangwanin sosai, minti biyu bai yi yawa ba. Tsaya nesa da bodin kamar santimita 20 zuwa 25, ka fara feshin a iska kafin ka iso motar, ka wuce ta kafin ka saki. Zagaye na farko da na biyu yayyafi kawai, kana hango robar ta ƙasa, kuma zai yi maka muni. Ƙyale shi. Bar minti 15 zuwa 20 tsakani. Na uku ne zai ɗan jiƙe ya yi sheƙi. Ka matso da yawa fenti ya zuba kamar hawaye, ka yi nisa da yawa ya bushe a iska ya sauka da kaushi kamar bayan kwaɗo.

Ka riƙa tuna sikelin. Motar da tsawonta ya kai mita 4.5 ta koma kusan santimita 19 a hannunka, to kaurin fenti da ƙwayar ƙura ma ido ninka su yake yi sau 24. Shi ya sa da ka gama feshi za ka kifa kwali mai tsabta a kai. Kada ka fesa ranar da iska ke da laima sosai, laka yakan yi hazo fari. A waje ko bakin taga za ka yi, da abin rufe hanci, nesa da wuta. Laka ka ba shi kwana biyu ko uku, inamel mako guda, har sai ka kai hanci ba ka ji warin tina ba.

A waɗannan kwanakin sai ka koma kan inji da ciki. Gam ɗin wannan roba narkar da ita yake yi ɓangarorin su zama ɗaya, saboda haka ba ya kama fenti ko azurfar da ke jikin bamba. Kankare daidai inda za su haɗu da bakin wuƙa. Mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin ya fi sauƙi: haɗa ɓangarorin, ka ɗan taɓa tsagar da burushin murfin, shi da kansa zai bi. Kawai kada yatsanka ya kasance a kan tsagar, zai bi ƙarƙashinsa. Gwada kowane ɓangare ba gam kafin ka manna. Ƙananan kaya kamar sitiyari da giya, fenta su tun suna jikin firam.

Gilashi kuma kada sufa gulu ya kusance shi, tururinsa yana barin farin hazo. Farin gam na katako, ɗigo kaɗan a bakin tsinken sakace, yana bushewa garau. Sitikun ruwa, wato tambura da rubuce-rubucen da ake mannawa a jikin motar, a yanka su ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 10, a jira har su fara zamewa, sannan a tura su kan bodin da jiƙaƙƙen burushi.

Ba ka faɗi fentin da ka saya ba. Ɗauki hoton gwangwanayen, gaba da baya, ka turo kafin ka fesa komai, mu duba ko za su zauna lafiya da juna.