Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tafiyar da Kwamitin Injinan Lantarki

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan kwamitocin ƙwararru da rassan ƙungiyoyin injiniyoyi ke kafawa don kula da injinan lantarki masu juyawa, wato moto da janareta. Yawancin masu tambayar daga Abuja da Jos suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Reshen ƙungiyarmu a nan Abuja ya ɗora mini shugabancin kwamitin injinan lantarki. Sunaye cike da takarda, amma in an kira taro 'yan kaɗan ke zuwa, su ma sai a ɓige da zancen matsalar wuta a ƙasa, a tashi. Taron tsintsiya ba shara. Ta ina zan kama? (Wani injiniya, Garki)

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya taya riƙo. Kada ka sake kiran taro sai ka riƙe takarda mai shafi ɗaya ko biyu, da sa hannun shugabannin reshe, wadda ta fayyace iyakar aikin kwamitin, wanda zai riƙa kai wa rahoto, da tsawon wa'adin shugabanni. Iyakar aikin ita ce babba. Rubuta cewa hurumin kwamitin moto ne da janareta: zaɓensu, girka su, gwada su, kare su da gyara su. Taransifoma da layukan rarraba wuta a bar wa wasu. Hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ma haka ta raba: kwamitinta na TC 2 ke kula da injina masu juyawa, TC 14 kuma taransifoma. Da zarar iyaka ta tabbata a rubuce, duk wanda ya jawo zancen farashin mita kana da abin da za ka nuna masa cikin mutunci.

Sannan a tace mambobi. A ganinmu masu ƙuri'a kada su gaza tara, kada su wuce goma sha biyar, sauran su zama masu sauraro da ake tura wa takardu. A samu masu kula da injina a masana'antu da tashoshin ruwan famfo, da dillalai, da malaman jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, da masu naɗin kwayil. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, mai cibiya a Amurka, ba ta yarda ɓangare ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na masu jefa ƙuri'a a kan wata ƙa'ida ba, kuma tsari ne da ya dace a kwaikwaya. Kwamitin da malamai suka cika yakan fitar da takardar da ba ta aiki a gareji. Wanda dillalai suka cika kuwa, takardar talla yake fitarwa.

Abin da zai riƙe mutane shi ne aiki guda ɗaya mai suna, mai ranar kammalawa, da mutum ɗaya da za a tambaya. Injiniya mai aiki a hannu ba zai baro Kubwa ko Nyanya cikin cunkoson yamma don a yi hira ba, amma zai zo in ya san sashe na uku na daftari a wuyansa yake kuma ranar za a karanta shi. Damƙa aikin ga ƙaramin kwamiti na mutum huɗu zuwa shida, a ba su wata shida.

Wajen zaɓen sakatare ka fi tsanantawa fiye da zaɓen mataimaki. Ajanda ta fita mako biyu kafin taro, rahoton taro ya fita cikin mako guda bayansa, kowane aiki da sunan mai yi da rana. Babban kwamiti ya zauna sau huɗu a shekara ya isa. Taro ya zaunu in rabin masu ƙuri'a da mutum ɗaya sun halarta, ko da ta intanet ne. Wanda ya ƙi zuwa sau uku a jere ba uzuri ya koma cikin masu sauraro, kuma a rubuta wannan tun farko don kada ranar aiwatarwa a ɗauka cin fuska ne. Zauren WhatsApp na tunatarwa ne kawai, kada a yanke hukunci a cikinsa.

Tambaya: Mu a Jos mun kafa namu kwamitin, mun rasa aikin da za mu fara da shi tunda ba mu da kuɗi kuma ba mu da ɗakin gwaji. Me za ku ba mu shawara? (Wata injiniya, Bukuru)

Amsa: Hajiya Injiniya, ku fara da gano abin da ke ƙona injina a garinku. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Fom mai shafi ɗaya yake buƙata, da yardar garejin naɗin kwayil biyar ko shida, da mambobin da za su riƙa zagayawa duk mako.

Kowane injin da ya shigo gyara a kwafe abin da ke farantin jikinsa: kilowat, bolt, amfiya, gudu, ajin rufin kwayil da lambar IP (matakin kariyarsa daga ƙura da ruwa). A rubuta aikin da yake yi, ko injin niƙa ne, ko famfon rijiyar burtsatse, ko injin fasa dutse, da inda yake samun wuta, layin kamfani ko janareta, da ko akwai na'urar kariya daga nauyin aiki da amfiyar da aka saita ta. Sannan a ɗauki hoton kwayil ɗin kafin a yanke shi, domin ƙunar kanta shaida ce. In fes uku, wato rukunan kwayil uku na layukan wuta uku, duk sun yi baƙi daidai wa daida, nauyi ne ya yi yawa ko iska ba ta ratsawa. In haɗin sita ne (ƙarshen fes ukun a haɗe wuri guda kamar tauraro), fes biyu sun ƙone ɗaya na nan garau, to layi ɗaya ne ya ɗauke injin ya ci gaba da juyawa a kan biyu. A haɗin delta (mai siffar kusurwa uku) fes ɗaya ne ke ƙonewa. In kuwa ƙunar a wuri guda take kusa da bakin da wuta ke shiga, a zargi tsawa ko bugun wuta. Kada a manta da boris. Binciken da IEEE da cibiyar binciken lantarki ta Amurka, EPRI, suka yi a shekarun 1980 ya nuna kimanin kashi 40 cikin ɗari na lalacewar manyan injina daga boris yake farawa, kuma sau da yawa kwayil ɗin da ya ƙone boris ne ya fara ci har roto (ɓangaren da ke juyawa) ya gogi sitato (ɓangaren da ke tsaye).

Abin da muke so ku fi auna shi ne bambancin ƙarfin wuta tsakanin layuka uku, domin masu injina ba su cika lura da shi ba. A ce kin auna kin samu bolt 410, 400 da 384. Matsakaicinsu 398 ne. Wanda ya fi nisa da matsakaici shi ne 384, tazarar 14. Raba 14 da 398, kin samu kashi 3.5 cikin ɗari. Lissafin da aka saba shi ne a ninka wannan adadi da kansa sannan a ninka sau biyu, sai ya ba da ƙarin zafi na kusan kashi 25 cikin ɗari. Kwayil ɗin da zafinsa ke hawa da digiri 80 zai koma hawa da 100. Tunda kowane ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar rufin kwayil da kusan rabi, ƙarin 20 ya bar injin da rubu'in shekarunsa. Shi ya sa ƙa'idar NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, ta ce a fara rage wa injin nauyi in bambancin ya wuce kashi 1, in ya wuce kashi 5 kuma kada a kunna.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Jos. Ƙa'idar IEC 60034-1 ta ɗauka cewa injin zai yi aiki a wurin da bai wuce mita 1,000 daga doron teku ba, da zafin iska da bai wuce digiri 40 ba. Jos tana kan kimanin mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi kuma ba ta sanyaya inji kamar ta ƙasa. Ana rage hawan zafin da aka yarda da shi da kashi 1 cikin ɗari a kowane mita 100 na ƙari, wato kusan kashi 2 a wurinku, kuma sanyin garin yakan biya wannan. Inda tsayin ke cizo shi ne injin dizal da ke juya janareta, don haka a duba jadawalin rage ƙarfi na kamfanin da ya ƙera shi. 'Yan Abuja matsalarsu daban ce: a watan Maris da Afrilu ɗakin inji mai rufin kwano yakan haura digiri 40 ɗin, ga ƙurar hunturu da ta toshe murfin fanka tun watannin baya.

Garinku ba baƙo ba ne a wannan fanni. Kamfanin NESCO yana samar da wuta daga ruwan Kurra tun zamanin haƙar kuza, kuma tsofaffin ma'aikatan irin waɗannan tashoshi sun cancanci kujera a kwamitin. Bayan wata shida, in kun tara bayanin injina ɗari ko fiye, kuna da rahoton da za a saurara a taron reshe.

Tambaya: Shin kwamitinmu zai iya rubuta ƙa'ida ta zama dole a kan masu gyara da masu shigo da injina? (Wani malamin kwaleji, Gwagwalada)

Amsa: A'a, Malam. Fitar da ƙa'idar ƙasa hurumin hukumar tabbatar da ingancin kaya ta ƙasa ne, wato SON, duba kayan lantarki da aka girka kuma na hukumar NEMSA. Kwamitin ƙungiya jagorar aiki yake rubutawa, sannan ya nemi kujera a kwamitocin SON ta hannun uwar ƙungiya, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya ce, NSE, ko reshenta na injiniyoyin lantarki, NIEEE. Kada ku sake rubuta abin da ke cikin jerin IEC 60034. Ku ambace shi, ku ƙara abin da ya shafi yanayinmu.

Misali injinan Amurka 'yan gwanjo da ake shigowa da su. An ƙera su don bolt 460 da hez 60 (yawan kai-komon wuta a daƙiƙa), wutarmu kuwa 400 ce da hez 50. Za su yi aiki, domin rabon bolt da hez ya kusa daidaita, amma mai fol (kan maganaɗisu) huɗu da ke juyi kusan 1,800 a minti zai dawo kusan 1,500, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, fankarsa ma ta rage busawa. Wannan sakin layi ɗaya ne a jagora, kuma zai ceci injina da dama.

Wajen amincewa da daftari, a ba da kwana 30 na sharhi a rubuce, kowane sharhi da lambar sashe da gyaran da mai shi ke so. Mai cewa bai amince ba dole ya kawo dalilin fasaha, kwamiti kuma dole ya ba shi amsa a rubuce ko da bai karɓi gyaransa ba. IEEE tana buƙatar amincewar kashi 75 cikin ɗari. Ku ma kada ku wadatu da rinjaye na ƙuri'a ɗaya, domin jagorar da kusan rabin ƙwararru suka ƙi ba wanda zai bi ta.

Tambaya: Wani kamfanin sayar da injina ya ce zai ɗauki nauyin taronmu na bita. Mu karɓa? (Ma'ajin wani kwamiti, Wuse)

Amsa: Ku karɓa, da sharuɗɗa a rubuce. Kuɗin ya shiga asusun reshe, ba na mutum ba. Kamfanin ya samu teburin baje kaya da ambaton suna, amma ba shi da baki a abin da za a koyar, kuma sunan kayansa ba zai shiga jagora ba. Mamban da ke aiki da kamfanin ya bayyana haka, ya janye daga ƙuri'ar da ta shafe shi. In za a iya, a samu masu tallafi biyu ko uku, domin wanda ya ci ladan kuturu shi ke masa aski. Kuma kada a taɓa tattauna farashin gyara ko na kaya a taron kwamiti.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni mai naɗin kwayil ne, ban yi jami'a ba. An gayyace ni cikin irin wannan kwamiti, ina jin nauyin zama cikin injiniyoyi. Me zan kai musu? (Wani mai gareji, Jos)

Amsa: Maigida, ka je. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu fasaha da masu sana'ar hannu, don haka gidan naka ne. In tsarin ƙungiyar bai ba ka ƙuri'a ba, ƙaramin kwamiti ba ya hana ka magana, kuma can ake ainihin aikin.

Abin da za ka kai shi ne matakan naɗi, domin jagorar gyara ba za ta rubutu ba sai da irinku. Ka nace a rubuta cewa kafin a yanke tsohon kwayil sai an ƙirga zagayen waya, an auna kaurinta, an lura da tazarar rami da irin haɗin. Ka kawo maganar cire tsohuwar waya: ƙona ta da buɗaɗɗiyar wuta yana cinye siririn rufin da ke tsakanin faranten ƙarfen sitato, daga nan injin zai riƙa zafi ko ba kaya a kansa, komai kyan sabon naɗin. Inda ake da tanda, ana riƙe zafin kada ya wuce kimanin digiri 370. Wayar da ta fi ta asali siranta, ko wadda aka yi da alminiyam aka shafe da jan ƙarfe, tana ƙara zafi, kuma kai ka fi kowa sanin yadda ake gane ta a kasuwa. Takarda da banish su dace da ajin injin: ajin B digiri 130 yake ɗauka, F 155, H kuma 180.

Kai ma akwai abin da za ka ɗauko daga wurinsu, musamman gwajin rufin kwayil da na'urar Megger, mai auna juriyarsa, bisa ƙa'idar IEEE 43. Injin da bai kai bolt 1,000 ba ana gwada shi da bolt 500. Karatun minti ɗaya, bayan an daidaita shi zuwa digiri 40, kada ya gaza megaom 5 ga ƙananan injina irin waɗanda kuke naɗawa, sabon naɗi mai kyau kuwa yakan ninka haka sau da yawa. A manyan injina ana ci gaba har minti goma, a raba karatun minti goma da na minti ɗaya. In amsar ba ta kai 2 ba a ajin B, F ko H, akwai danshi ko datti, sai a wanke a sake busarwa a tanda kafin a ba shi wuta. Ka roƙi kwamitin ya tsara takardar gwaji guda da kowane gareji zai cike ya miƙa wa mai inji, ɗauke da waɗannan alƙaluma, da juriyar kowane fes, da amfiyar da injin ya ja ba kaya a kansa.