Ciwon wuya mai saukowa hannu: tambayoyinku da amsoshin Likita

Tambayoyi huɗu suka iso a kan abu kusan ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Zariya, shekarata 44. Wata biyu ke nan wuyana na ciwo, ciwon ya bi ta kafaɗar dama ya sauko har babban yatsa da manuniya, kamar ana tsira mini allura. Abin mamaki, in na ɗora hannun a ka sai ya lafa. Ko shanyewar ɓarin jiki ce ke neman kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da jiki. Ka kwantar da hankalinka, shanyewar ɓarin jiki ba haka take sallama ba. Farat ɗaya take zuwa, galibi ba zogi, baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu da ƙafa su saki. Abin da ka kwatanta ya fi kama da jijiyar da ta danne a wuya.

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan ɗan Adam, ɗaya bisa ɗaya, da wani faifai mai taushi a tsakani, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Laka ta ratsa ta tsakiyarsu, jijiyoyi kuma suna fitowa ta 'yan kafofi a gefe su gangara hannu. In faifan ya turo waje, ko ƙashin ya yi tsiro saboda shekaru, sai kafar ta tsuke ta matse jijiya. Matsalar tana wuya, kukan a hannu. Jijiyoyin nan 8 ne a kowane gefe, ana ƙirga su daga sama, uku na ƙasa kowacce da yatsunta: ta 6 ita ke da babban yatsa da manuniya, ta 7 na tsakiya, ta 8 ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa. Naka na nuna ta 6. Ɗora hannu a ka kuwa sassauta jijiyar yake yi, shi ya sa kake jin sauƙi, kuma mu likitoci muna neman wannan alamar da kanmu.

Kan babban mutum ya kai kilo 5. Ka duba yadda kake sunkuye da shi kan keken ɗinki daga safe zuwa magariba, balle in sallah ta matso, sannan da dare ka sake sunkuyawa kan waya. Ka gyara kujerarka yadda ba sai ka duƙa sosai ba, ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa. Ka zauna a miƙe, ka ja haɓa baya kamar mai son yin haɓa biyu, ka ƙirga biyar, ka saki, sau goma, safe da yamma. In ya ƙara harba ciwon zuwa hannu, ka bari. Gasa wuya da tawul mai ɗumi na taimakawa. Filo kuma guda ɗaya, mai cike tsakanin kunne da kafaɗa in ka kwanta ta gefe. Rub da ciki ba naka ba ne yanzu.

Yawancin masu irin wannan kan warke cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Amma tunda ka cinye wata biyu, je asibiti a gwada ƙarfin hannun, a tura ka sashen gashin ƙashi. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai na MRI, wato hoton wata babbar na'ura mai nuna laka da jijiya, shi ma ba kowa ke buƙatarsa ba.

Tambaya: Likita ina da hawan jini. In wuyan ya motsa ina sayen haɗin kemis, kuma an ba ni shawarar a yi mini ƙaho, wasu sun ce in sa a murɗa mini wuyan ya yi ƙara.

Amsa: Hajiya, haɗin nan ya fi ciwon tayar mini da hankali. Ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna, sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun, har da dexamethasone. Suna kashe zogi, gaskiya ne, amma suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda, suna jawo gyambon ciki. Paracetamol ya fi miki aminci kafin ki ga likita, kar ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini. Tramadol kuwa ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode.

Ƙaho fata yake ja, ba ya isa inda jijiya ta danne, sannan in askar ba sabuwa ba ce ana iya kwasar ciwon hanta. Murɗa wuya kam ban yarda ba ko kaɗan. Ban da laka, akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa. Ba wurin gwada ƙarfi ba ne.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai. Hannuna biyu ke mutuwa da dare, sai na yarfa su suke dawowa. Daga wuya ne?

Amsa: Da wuya ya zama wuya, 'yar'uwa. Mai ciki jikinta kan tara ruwa, ya matse wata jijiya a wuyan hannu, sai babban yatsa da biyun da ke biye da shi su sage, ƙaramin yatsa lafiya lau. Ki guji kwana da hannu a lanƙwashe. Akwai ɗaurin wuyan hannu da ake sawa da dare. Yakan tafi bayan haihuwa. Ki faɗa wa ma'aikatan awo, musamman in fuska da ƙafa ma sun kumbura, don a auna jininki.

Tambaya: Mahaifinmu ɗan shekara 68 ya daɗe da ciwon wuya, yanzu ma ya ce ciwon ya ragu. Sai dai kofin shayi na suɓuce masa, ba ya iya ɓalle maɓallin riga, carbi na faɗuwa, tafiya kuma yana tangaɗi. Tsufa ne?

Amsa: Kar ku ɗora wa tsufa wannan. Raguwar zogin ma kar ta ruɗe ku. Hannu ya daina jin magana, ƙafa ta soma tangaɗi, alama ce ta cewa ita kanta lakar ake matsewa, kuma abin da laka ta rasa ba kullum yake dawowa ba. Irinsa ne tiyata kan yi wa amfani, in an yi da wuri. Ku kai Baba babban asibiti mai likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa da laka cikin kwanakin nan, ku faɗi waɗannan alamun yadda kuka faɗa mini. In fitsari ko bayan gida ya soma kufce masa, ko ya faɗi ya bugu, ranar za ku tafi. Haka ma in ciwon ya koma hannun hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi, wannan zuciya ce, a nemi mota nan take ko da tsakar dare ne. Kafin nan kar a ɗora shi a babur, kar kuma kowa ya taɓa masa wuya da sunan tausa. Allah ya ba Baba lafiya.