Minti ɗaya da Alhaji: me zan faɗa masa ya sa kuɗi a sana'ar garin koko?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Aboabo, Kumasi, a ƙasar Ghana. Mmata ta fi shekara 20 tana sayar da koko da ƙosai. Wata takwas ke nan da na fara busar da ƙullunta ina mai da shi gari, ina ƙullawa a leda, ina kai wa shaguna huɗu da ɗaliban jami'ar KNUST. Ina sayar da leda kusan 400 a wata. Kowace tana cin mini sidi 12, ina bayarwa 18. Shagunan suna neman ƙari, amma da damina ƙullu ba ya bushewa. Ina neman sidi 30,000 na injin busarwa da na liƙe leda, da rajista, da gero idan kaka ta yi. Da inji zan iya yin leda 1,200. Akwai wani Alhaji a kasuwar Kejetia, aminin marigayi Babana. Ina ganinsa duk Juma'a amma ba ya tsayawa. Na gwada sau ɗaya, bakina ya sarƙe, ya miƙo mini sidi 50 ya ce in gai da Mma. Kunya ta hana ni barci. Wani mai koyar da kasuwanci a WhatsApp da na biya kuɗin ajinsa ya ce in yi wa Alhaji alkawarin kashi 20 cikin 100 duk wata, tabbas, uwar kuɗinsa kuma tana nan. Ina kuma tsoron a sace mini dabara. Me zan faɗa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sidi hamsin ɗin nan kada ta hana ka barci. Alhaji bai wulaƙanta ka ba. Ya ga ɗan amininsa ya tare shi yana inda-inda, bai ji sunan sana'a ba, bai ji lissafi ba, sai ya ɗauka gida ne babu cefane. Abin da kunnensa ya ji shi ya amsa.

Turawa suna kiran irin wannan magana jawabin cikin lif, wato abin da za ka iya faɗa kafin na'urar hawa bene ta kai mutum inda za shi. Mu namu lif ɗin daga ƙofar masallaci ne zuwa ƙofar mota. Kuma a wannan ɗan taƙin ba a ba da sidi 30,000. Ban taɓa ganin ɗan kasuwan da ya yi haka ba, in kuwa ya yi to sadaka ce ya bayar. Abin da kake nema a minti ɗayan nan shi ne ya ce maka, “Zo ka same ni a shago ranar Talata.” Idan ka san wannan kaɗai kake nema, rabin sarƙewar bakin ta tafi, domin kayan da ka ɗora wa minti ɗaya ne suka fi ƙarfinsa.

Abin mamaki, jawabin naka ka riga ka rubuta shi a cikin tambayarka. Ni dai jera shi zan yi. Bayan gaisuwa cikakkiya, ba ta a guje ba:

“Baba Alhaji, ni ne ɗan marigayi wane, na gidan Mma mai koko a Aboabo. Kokon nan nata da ka sani, shi nake busarwa ina mai da shi gari, mutum ya dama a ɗakinsa ba sai ya bi layi ba. Ga shi, a kai wa Hajiya ta gwada. Wata takwas ina yi, ina sayar da leda 400 a wata, ina samun sidi 6 a kowace. Shaguna huɗu suna neman ƙari, damina ce ke hana ni. Ina neman abokin tarayya da zai sa sidi 30,000 a sayi injin busarwa. Yaushe zan zo shago in nuna maka littafin cinikina?”

Karanta shi da ƙarfi ka duba agogo. Bai kai minti ɗaya ba. Ka lura ledar tana shiga hannunsa tun kafin a kai ga zancen kuɗi, gani ya kori ji. Ka lura kuma tambaya ce ta rufe maganar, tambayar da amsarta rana ce. Da ka faɗa, ka yi shiru. Yawancin matasan da nake horarwa a nan suke ɓata abin: sun gama magana mai kyau, sai shirun Alhaji ya tsorata su, su ci gaba da zuba har su kai ga labarin kuɗin haya.

Wani ɗan abu da ake mantawa: tun 2007 aka canja kuɗi, aka mai da tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwa 1, amma har yau dattawan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke ƙirga. Dubu talatin ɗinka a bakinsu miliyan 300 ce. Ka tabbata ku biyun kuɗi ɗaya kuke magana.

Yanzu bari in zo kan malamin WhatsApp, domin shi ne ya sa na ajiye sauran tambayoyi na ɗauko taka.

Kusan kowane mako sai na ci karo da wannan shawara ta “yi masa alkawarin riba tabbas”. Masu bayar da ita ba su taɓa sayar da ko ƙullin gishiri ba. Sun haddace kalmomin Turanci, sun ɗauki hoto da kwat a gaban motar wani, suna karɓar kuɗin yaran Zango ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, suna koya musu hanyar shiga bashi. Idan abin ya fashe ba za ka same su ba, lambar ma sun canja.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Kashi 20 cikin 100 na 30,000 shi ne sidi 6,000 duk wata. A shekara 72,000, kuma uwar kuɗin tana wuyanka. Kai yanzu leda 400 sau 6 kake samu, wato 2,400. A ce inji ya iso, komai ya tafi daidai, ka yi leda 1,200 kuma ka sayar da su duka: 7,200. Cire 6,000 na Alhaji. Saura 1,200, a ciki za ka biya wutar injin, da kuɗin mota zuwa KNUST, da gyara idan ya lalace, da haƙƙin Mma wadda ita ce mai ƙullun. Kai kuma ka ci me? Wannan fa lissafin wata mai albarka ne. Ba mu sa watan da ɗalibai suka tafi hutu ba. Ba mu sa watan da dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya hana inji aiki ba. Ba mu sa tsadar gero ba, alhali ka san yadda farashinsa ke tashi idan kaka ta yi nisa, kuma kana da wayo a Disamban 2022 lokacin da hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54.1 cikin 100. Wane ne a ranar ya iya cewa ga abin da buhu zai kai bayan wata uku?

Na san yadda labarin ke tafiya domin na sha zama a sulhunsa. Wata na farko yaro ya biya daga riba. Na biyu ya cika da kuɗin susu, wato adashi. Na uku ya taɓa kuɗin gero. Na huɗu ya nemo wani mai kuɗin, ya yi masa irin alkawarin, ya ɗauki nasa ya biya na farko. Daga wannan ranar ya daina sana'ar koko, ya koma sana'ar karɓa a hannun wannan a ba wancan, ko da bai taɓa niyyar cutar kowa ba. Na bakwai ya daina bin layin shagon Alhaji, ya canja masallacin Juma'a. Daga nan sai gaban sarkin unguwa, ko ofishin 'yan sanda, tsohuwa tana kuka tana cewa a sayar da tukwanenta.

Kuma kada ka ɗauka alkawarin zai burge Alhaji. Mutumin da ya tsufa a Kejetia ya ga DKM ta Sunyani, ma'aikatar ajiya da ba da lamuni, ta rufta da kuɗin jama'a. Ya ga Menzgold, mai cinikin zinariya, wadda ta riƙa ba da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a wata, har hukumar kula da hannayen jari ta dakatar da ita a Satumban 2018, mutane suka shiga zanga-zangar neman kuɗinsu. Ya ga Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da lamuni 347 a watan Mayun 2019. Masu cewa zinariya suke juyawa ba su iya riƙe kashi 10 ba, sai kai mai garin koko ka zo da 20? Ɗayan biyu zai ɗauke ka: ko yaron da bai iya lissafi ba, ko yaron da ya zo damfararsa. In kuwa ya amince nan take bai ko tambaye ka ba, wannan ka fi jin tsoronsa, domin mai irin wannan kwaɗayi ba ya jin uzuri ranar da ka zo hannu rabbana.

Ga doka kuma. Yarjejeniya tsakaninka da mutum ɗaya wani abu ne. Amma ranar da ka sa a WhatsApp cewa duk mai so ya kawo kuɗi ya riƙa karɓar kaso duk wata, ka shiga karɓar ajiyar jama'a, kuma dokar bankuna ta 2016, mai lamba 930, ta hana wannan sai da lasisin Babban Banki.

Sannan ga addini, wanda ya kamata a ce shi muka fara tunawa. Hausa ta haɗa mana kalma ɗaya a rubuce, riba ta ciniki da riba ta kuɗin ruwa, sai murya ke raba su, kuma masu wannan shawara da gangan suke cakuɗa su. Mutum ya ba ka kuɗi, ka lamunce masa uwar, ka ƙara masa adadi yankakke duk wata ko an samu ko ba a samu ba, wannan rance ne da ruwa, ko da ka kira shi zuba jari. Abin da malamanmu suka karantar a babin ciniki shi ne mudaraba, wadda Malikawa ke kira ƙiradi: shi da dukiya, kai da aiki, a raba abin da aka samu bisa kason da aka yanka tun farko, rabi da rabi ne ko ɗaya bisa uku. Idan asara ta zo ba da sakacinka ko ha'incinka ba, shi ya yi asarar dukiya, kai ka yi asarar wahala. Tun da kai ma kana da jarinka da kayan aikinka a ciki, ku zauna da malamin da ya san babin ya tsara muku yadda tarayyar za ta kasance. Amma sharaɗin “kuɗinka ba za su taɓa raguwa ba” shi ne ke ɓata ta. Ina mamakin yadda za mu fito daga sahun Juma'a, takalmi bai gama shiga ƙafa ba, mu ƙulla abin da aka hana a kan mumbari.

To idan ya tambaye ka, “Nawa zan samu?” Ka ce: “Baba, ba zan yanka maka adadi ba, domin kasuwa ta Allah ce. Ga abin da nake samu yanzu, ga abin da nake sa rai idan inji ya zo, ga abin da zai iya hana mu. Abin da aka samu mu raba yadda muka yi yarjejeniya, littafi kuma a buɗe yake gare ka duk ƙarshen wata.” Ɗan kasuwa na gaske wannan amsar yake jira, don ita ya yi tambayar.

Batun satar dabara kuwa, ƙanena, koko ba asiri ba ne. Kowane lungu na Asawase da Aboabo akwai mai dama shi, garinsa ma akwai masu ƙullawa a leda tuntuni. Abin da ba a iya ɗauka shi ne hannun Mma da shagunan da suka saba da kai. Awon citta da kanumfari da kwanakin jiƙo ka bar su a gida, sauran ka faɗa ba fargaba.

Kafin Juma'ar, abu biyu. Littafin da ka ce za ka nuna ya zama akwai shi da gaske, da kwanan wata, da sunan shago, da abin da aka biya da bashin da ya rage. Saƙonnin MoMo ɗinka shaida ne, kada ka goge su. Na biyu, zai tambaye ka takarda. Rajistar sunan sana'a a ofishin Magatakardar Kamfanoni ake yi, lambar Ghana Card ɗinka ita ce lambar harajinka tun 2021, kuma abincin da aka ƙulla a leda don shaguna sai da rajistar hukumar abinci da magunguna, FDA, wadda ke da ofishi a nan Kumasi. Na san jeka-ka-dawo na ofisoshinmu yana cin rai, na sha shi. Duk da haka ka je da ƙafarka ka tambayi kuɗin, ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa 'yan goro, wato dillalan da ke tsaye a bakin ƙofa. Idan ba ka gama ba, ka gaya wa Alhaji gaskiya cewa rajistar tana cikin dubu talatin ɗin, kuma ga nawa ne nata.

Kada ka tare shi a tsakiyar jama'a ana miƙa masa hannu. Bari ya rabu da su, ka karɓi dardumarsa ka raka shi mota. Idan ya ce sai ya yi shawara, ka yi godiya, ka bar masa ledar, ka ce za ka leƙo shago ranar Laraba ka ji ko Hajiya ta dama. Kuma tun kafin duk wannan, ka zauna da Mma ka gaya mata za ka shigo da wani cikin sana'arta, ku yanka nata kason, domin Alhaji da ya san gidanku ita zai fara aika wa a tambaya.