Tambaya da Amsa: In Sake wa Tsohon Littafina Bango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon littafin nan na Arthur Conan Doyle, The Adventures of Sherlock Holmes, ta intanet. An buga 1892 a ciki, mai shi kuma ya rantse bugun farko ne. Bangon ya koɗe, ɗinkin ya fara saki. Ina so in kai a yi masa sabon bango na fata. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ajiye maganar fatar nan tukuna. Bangon da kake shirin yarwa shi ne babban shaidarka.

Fara duba sunan kamfani. George Newnes ne ya fitar da littafin a Landan cikin Oktoba 1892, labarai 12 da suka riga suka fito a mujallar Strand, da zanen Sidney Paget. A wannan shekarar kamfanin Harper ma ya buga nasa a Amurka, don haka shekara kaɗai ba ta raba gardama.

In na Newnes ne, bangon kyalle ne shuɗi mai haske, da ɗan zanen titin Strand a gaba. Kai shi bakin taga ka ƙura wa zanen ido. Akwai wani ɗan allo na sunan titi a jikin gini. A kwafin farko-farko allon wayam yake. Daga baya ne aka sa masa Southampton Street. Wannan ɗan abu, da bai kai farce ba, shi masu tara littattafai ke fara nema tun kafin su buɗe littafin. Ka ga in mai ɗinki ya ɓare bangon, ya tafi da hujjar ke nan, darajar kuma ta faɗi warwas.

Sai shafi na 317, inda aka buga Violent Hunter maimakon Violet Hunter, sunan wata mata a ɗaya daga cikin labaran. Kuskuren ɗab'i ne, masu sayarwa kuma na son tallata shi, amma ana samun sa har a kwafin da allonsu ke da suna. Kada ka dogara da shi kaɗai.

Ɗigo-ɗigon ja da ke fitowa a tsohuwar takarda kuwa, bar shi, tsufa ne. Abin da zan roƙe ka shi ne ka nisanci salatif da gam. Ni kaina na taɓa manna salatif a shafin wani tsohon littafi da ya yage, ina ganin gyara na yi. Bayan shekaru salatif ɗin ya ɓanɓare da kansa, ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har shafin baya. Har yau in na buɗe wurin sai raina ya ɓaci.

Kuɗin fatar nan, sa a yi masa akwatin kwali marar asid daidai girmansa, ka ajiye inda rana da danshi ba sa kaiwa. Ɗinkin kuma, mai gyaran tsofaffin littattafai zai iya ƙarfafa shi ba tare da ya raba shi da bangon asali ba. Ka dai faɗa masa haka tun kafin ya ɗauki wuƙa.