Sabon Mariƙin Reza da Tsohon Hannu

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tun da ka ajiye shebin sitik na roba ka sayi mariƙin ƙarfen nan da ake kwancewa a ɗaura masa reza mai baki biyu, aikinka ya koma baya. Mutum uku ka yanka cikin mako guda, wani kuma ya dawo maka da ƙuraje a wuya. Kana tambaya ko mariƙin ne jabu, ko rezar ce ta cika kaifi, ko kuwa ka mayar wa mai shago ka koma wa abin da ka saba.

Kada ka mayar. Jiya da ka bar shi a kan benci na kwance shi, na duba murfinsa da farantinsa da ƙotarsa, lafiyarsa ƙalau. Na kuma tsaya na kalli yadda ka aske wa dattijon nan kai bayan la'asar, a nan na ga inda matsalar take. Mariƙin sabo ne, amma hannun da ke riƙe da shi har yanzu aikin roba yake yi.

Ɗauki na robar a hagu, na ƙarfen a dama, ka ji bambanci. Na roba kamar kara yake, sai ka danna kafin ya ci gashi, ga shi kuma shekara biyu kana dannawa har abin ya zame maka jiki, ba ka ma san kana yi ba. Irin waɗannan na ƙarfe yawanci nauyinsu giram 60 zuwa 100 ne, kuma wannan nauyin shi ne duk dannawar da ake bukata. Duk abin da ka ƙara a kai daga hannunka, fatar mutum ce za ta biya. Na ga yatsunka jiya, ka damƙe ƙotar kusa da kai kamar mai riƙe da fartanya. Ɗora mariƙin a kan yatsa ɗaya ka nemo inda yake tsayawa ba ya rinjaya, to daidai nan ko ɗan ƙasa kaɗan za ka riƙe, da yatsu uku, sako-sako, yadda in wani ya fizga zai zare shi daga hannunka. Ka duba fatar da ke gaban reza: muddin ka ga ta lotsa, ka danna.

Sai maganar kwanciyar reza, a nan nake so ka buɗe kunne sosai. Da aska, wanzami ne ke da ikon kwanciyarta, ya ɗaga bayanta ko ya kwantar yadda ya ga dama, kuma yana ganin bakinta da idonsa. Na roba mai lanƙwasa kai, shi yake nemo wa kansa kwanciya, ko yaya ka riƙe zai bi fuska. Wannan na ƙarfe ba ya cikin biyun. An matse rezar tsakanin murfi da faranti, an ɗan tanƙwara ta, kuma a kwanciya ɗaya tak take cin gashi da kyau. Masu rubutu a kan aski suna cewa wajen digiri 30 ne tsakanin reza da fata, amma ba da ma'auni za ka same ta ba. Ga yadda ake yi: ɗora bayan murfin a kan fata, ƙota ta miƙe waje, yadda reza ba ta taɓa komai. Sai ka riƙa sauke ƙotar a hankali kana ja kaɗan kaɗan. Inda ka ji ta fara kama gashi, tsaya a nan, ka kafe wuyan hannunka, jan ya riƙa fitowa daga gwiwar hannu.

Kunnenka zai gaya maka sauran. In kwanciyar ta yi daidai za ka ji sauti siriri, kamar lauje a ɗanyar ciyawa. In ka sauke ƙota da yawa, bakin reza ya tsaya wa fata a tsaye, sai ka ji kamar ana kankare ƙanzo a tukunya, kuma wannan kankarar ce ke sa mutum ya tashi fuska tana masa raɗaɗi ko da ba ka fitar da jini ba. In kuwa ba ka ji komai ba, murfi ne kawai ke yawo a kan kumfa, gashi yana nan. Ka rage ƙarar rediyo na 'yan makonni har kunnenka ya saba.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata maganar kunne. Wannan abu ba don wanzami aka ƙirƙiro shi ba. King Camp Gillette, mutumin Amurka da ya fara sayar da irinsa a 1903 ya kuma sami rajistar mallakarsa a 1904, ya yi shi ne don mutum ya aske fuskarsa da kansa a gida, ya huta da wasa aska da zuwa wurin mai aski. Mai aske kansa yana jin zafin a jikinsa, nan take yake sassautawa. Kai kuwa fatar wani ce a ƙarƙashin hannunka, mutanenmu kuma da kawaici, dattijo zai zauna kana kankare shi bai ce uffan ba, sai dai gobe ka gan shi a bencin wani. Shi ya sa kafin ka sake ɗora shi a kan kowa, ka yi mako guda kana aske sajenka da wuyanka da shi. An ce wanzami ba ya son jarfa, to wannan karon sai ka daure, don a jikinka ne kaɗai za ka san bambancin dannawa da rashin dannawa.

Naka yana da wani hali da ya kamata ka sani. Ɗaura masa reza ka ɗaga shi wajen haske, ka dubi tazarar da ke tsakanin bakin reza da sandar da ke ƙarƙashinta. Tazarar naka tana da ɗan faɗi. Mai faɗi irin wannan yana kwashe gashi da yawa a ja ɗaya, ba ya saurin toshewa, amma fata ma tana samun wurin kutsawa, don haka ba ya yafe kuskure. Mai ƙaramar tazara ya fi sauƙin kai, sai dai ya sa ka maimaita. Akwai masu haƙora kamar mataji a maimakon sanda, sun fi dacewa da gashin da ya kwana biyu. Akwai kuma waɗanda ake murɗa ƙotarsu a ƙara ko a rage tazarar, irin Merkur Progress na garin Solingen a Jamus. In wata rana irinsa ya shigo hannunka, daga ƙaramar lamba ake farawa. Kowane mariƙi da halinsa, kuma duk ranar da ka sake wani, ka sake nemo kwanciyarsa daga farko kamar yadda na nuna maka.

Duk sanda ka ɗaura reza, kafin ka gama matse ƙota, leƙa ta sama ka tabbatar bakin ya fito daidai wa daida a ɓangarorin biyu. In ya karkace, gefe ɗaya zai yi yanka ɗayan ya ƙi ci. Ka kula da kunnuwan rezar da ke ɗan leƙowa a gefen murfi, su ne ke kama bayan kunne da gefen hanci.

Game da rezar kanta, kuskuren da ka yi shi ne ka sake mariƙi ka kuma sake reza a rana ɗaya, yanzu ba ka san wanne ne ya sauya maka aiki ba. Koma kan wadda hannunka ya sani a gyaran fuska, Tiger ce ko Nacet ko Dorco, ka tsaya a kanta wata guda. Reza iri iri ce ko da girmansu ɗaya. Feather ta Japan, alal misali, an san ta da tsananin kaifi, aiki take yi mai kyau a hannun da ya nuna, amma ba da ita ake koyo ba.

Yanzu wuyan mutumin da ya dawo da ƙuraje, wanda ya fi damuna a duk maganarka. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa da fata, ko aka bar masa tsini, yana fitowa sai ya lanƙwasa ya soki fatar ya koma ciki, wurin ya kumbura ya yi ƙurji. A jikin wasu, musamman a ƙeya, ƙurjin yakan zama tabo mai tudu wanda ba ya bajewa, mutum ya rayu da shi har tsufa saboda askin minti goma. Kuskure biyu ka yi masa. Ka ja fatar ta yi tsam kamar ganga, irin jan da ka gani ina yi da aska, sannan ka yi ta bi ta baibai, wato kishiyar inda gashi ya kwanta, don ya yi sumul. Da wannan mariƙin fata daidaitawa kawai take so, yatsa biyu su shimfiɗa ta ba tare da ja ba. Kafin ka shafa sabulu, shafa wuyan mutum da yatsa ka gano inda gashi ya kwanta, don a wuya yakan juya, wani ya nufi gefe wani ya nufi sama. Bi kwanciyarsa a zagaye na farko. In da saura, sake shafa kumfa ka ratsa ta gefe. Baibai a wuya da ƙeya ka bar shi gaba ɗaya, ko mutum ya roƙe ka. Gara ya tashi da ɗan kaushin da ba mai gani sai mai taɓawa. Shi wanda ya riga ya yi ƙurajen, kada reza ta sake hawa wurin sai sun warke, ka rage masa da kilifa, in kuma sun yi ruwa ka ce ya je asibiti.

Ja gajere ake yi, kamar gaɓar yatsa biyu, a ɗaga. In gefe ɗaya ya cika da kumfa a juya ɗayan, sannan a ɗauraye. Kada ka kuskura ya zame maka ta gefe, bin tsawon bakin reza, wannan yanka ne kai tsaye. Kada kuma reza ta bi inda babu kumfa. Da hunturu sabulu yana bushewa kafin ka gama rabin kai, to ka riƙa shafawa kashi kashi. Ruwan ɗumi ya zauna a gashi minti biyu ko uku kafin ka fara, jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe sauƙin yankuwa nesa ba kusa ba. Sumar da ta yi yawa kuwa ka fara kwashe ta da kilifa, mariƙi ba ya iya daji.

Kai ya fi fuska wuya, don kai ƙwarya ne, kwanciyar reza tana sauyawa a kowane ja. Inda ka yanki dattijon jiya, a gangaren ƙeya ne, kai ya lanƙwasa hannunka bai bi shi ba. Ka sa mutum ya sunkuyar da kai ninkin ƙeya ya buɗe. Ka laluba da yatsa tun kafin kumfa ta rufe, ka san inda tabon ƙaho yake, da tsagen gado, da tawadar Allah mai tudu, ka zagaye su. A zakaran wuya ka janye fatar gefe ka aske a kan wuri mai laushi. Fitar da layin gemu da saje kuwa, ni dai ban yarda da mariƙin nan a wurin ba, murfi yana ɓoye maka bakin reza. Aska mai cin rabin reza ta fi shi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ba ta jiran hannu ya saba. Mu da muka bar askar gado muka koma reza saboda ƙanjamau da ciwon hanta, mun yi ne don kada jinin wani ya taɓa wani. Na roba kana yarwa duka. Wannan kuwa rezar kaɗai kake cirewa, murfi da faranti suna nan, kuma su ma jini yana taɓa su. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai ko fiye da rai a busasshen jini. Saboda haka sabuwar reza ga kowane mutum, ka ɓare ta a gabansa. Bayan kowane aski ka raba mariƙin gida uku, ka wanke da sabulu da buroshi, ka tafasa minti 20. Wannan yana nufin mariƙi ɗaya ba zai ishe ka ranar Juma'a ba, sai ka tara kuɗi ka ƙara biyu. Alif ɗin tsayar da jini ka daka shi gari, kowa a ɗebar masa nasa, kada dunƙule ɗaya ya yi ta yawo daga fuska zuwa fuska. Tsofaffin reza a gwangwani mai murfi, don yara suna tsinta su yanke farce.

Kan jariri ranar suna kada ka kai wannan mariƙin, wannan aikin yana hannuna har zuwa lokacin da zan ce maka ka isa.

Ka yi makon nan a kan fuskarka. Ranar Laraba da hantsi, kafin mutane su taru, ka dafa ruwa ka zo da shi da sabuwar reza. Sumata ta isa aski, kai za ka yi mini, ni kuma zan riƙa gaya maka abin da nake ji a kowane ja.