Amsar Mama kan ba da shaida da fahariya

Salama gare ku 'yan'uwa. To 'yata, na saurari tambayarki, wai in mutum ya tashi a majami'a ya ba da shaida cewa ya sami aiki ko ya gama gini, fahariya ce? Ai na san inda kika dosa. Godiyar kaka ta ranar Lahadi ce, duk muna wurin, ba sai na kira suna ba.

Ba da shaida dai babu laifi, Dawuda ma a Zabura abin da yake ta yi ke nan. Ki dai kasa kunne ki ji wa ya cika labarin. In mutum ya ɗauki lokaci yana na yi, na saya, na kai yara makaranta, sai can ƙarshe ya jefa "mun gode Allah" kamar mai biyan kuɗin mota, to kin sami amsarki.

Ki buɗe 2 Tarihi sura 26, Sarki Uzziya. Yana ɗan shekara 16 aka naɗa shi, ya yi shekara 52 yana sarauta a Urushalima. Mutumin nan fa ba rago ba ne. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi a jeji saboda garkunansa, yana son noma, har na'urorin harba kibau da manyan duwatsu aka ƙera masa. Muddin yana neman Ubangiji, zamanin da Zakariya ke koya masa tsoron Allah, sai nasara. Da ya yi ƙarfi fa? Ya kutsa Haikali zai ƙona turare da kansa, aikin zuriyar Haruna. Azariya firist ya bi shi da firistoci 80, suka ce ranka ya daɗe fita, wannan ba hurumin sarki ba ne. Ya husata, abin turaren na hannunsa, nan take kuturta ta fito masa a goshi. Har ya mutu yana gida dabam, ɗansa Yotam ke riƙe da fada. Kuma ki lura, ba gunki ya je yi wa sujada ba, wurin Ubangiji ya je! Amma girman kan na biye da shi har bagade.

Shi ya sa tun shekarun baya nake gaya wa dattawa, a daina kiran suna da adadin kuɗi a lasifika. Wane buhu goma, a tafa. Gwauruwa ta kawo mudun dawa biyu, sai ta lallaɓa ta ajiye ta baya don kunya. Haba! Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12, 'yan tsabar kuɗi biyu kawai ta saka. Dattawan suka ce mini in ba a kira suna ba rufin majami'a ba zai kammalu ba. Wato ga masu buhu muka dogara ke nan? Wani dattijo har cewa ya yi ina hassada, ni da... kai, bari in bar wannan, kada a ce Mama ta tono tsohon zance.

Ba ina cewa mai buhu goma ya daina kawowa ba fa, a'a, ya kawo ashirin ma, a dai bar lasifikar.

Ke kuwa 'yata, ki tashi ki ba da shaidarki, har da lokacin da kike zaune ba aiki da waɗanda suka yi ta yi miki addu'a, duk ki faɗa. Sauran sai mun haɗu a zumuntar mata. Kuma wadda ta ɗauki littafin waƙoƙina, don Allah ta zo da shi.