Shawarar lauya: kafin ka biya cikon kuɗin hutun Zanzibar

Malam, na karanta wasiƙarka da kyau. Ka ce ka ba wani kamfanin shirya tafiye-tafiye rabin kuɗin hutun mako guda a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya cikin watan Afrilu, kai da maiɗakinka da yaranku biyu, kuma abin da ke hannunka shi ne rasit da saƙonnin WhatsApp inda aka yi maka alkawarin "otal a bakin teku". Yanzu suna neman ciko, kai kuwa hankalinka bai kwanta ba. Shawarata ita ce kada ka ƙara musu ko sisi har sai sun ba ka yarjejeniya a rubuce.

A idon doka, ciniki ya riga ya ƙullu tsakaninku tun ranar da suka karɓi kuɗinka, kuma waɗannan saƙonni hujja ce da kotu za ta iya dubawa, don haka ka adana su. Sai dai hujjar tana da rauni, domin "bakin teku" magana ce mai faɗi. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, har mutum ya yi doguwar tafiya a kan jiƙaƙƙen yashi kafin ya tarar da shi, alhali a arewa, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta kai haka ba. Duka biyun bakin teku ne, kuma duk inda suka sauke ka za su ce sun cika alkawari. Saboda haka takardar ta ambaci sunan otal, irin ɗakin, abincin da ke cikin kuɗin, wanda zai ɗauko ku daga filin jirgi, da abin da za a yi idan suka sauya muku masauki.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayin kamfanin kansa. Idan shi ya haɗa jirgi da otal ya sayar maka da sunansa, to shi za ka riƙe idan wani abu ya lalace. Idan kuwa dillali ne kawai, zai ce maka nasa aikin ya ƙare da yin rajista, ka je ka nemi haƙƙinka wurin otal ɗin, a ƙasar Tanzaniya, ƙarƙashin dokarta. Iyali ƙalilan ne za su iya ɗaukar nauyin irin wannan shari'a. Ka sa su rubuta ƙarara wane ne su a wannan ciniki, da kotun ƙasar da za a je idan an samu saɓani.

Ka kuma lura da watan da ka zaɓa. Afrilu na tsakiyar babbar damina a Zanzibar, wadda ke kamawa daga Maris zuwa Mayu. Ruwan sama da aka san lokacinsa ba saɓa alkawari ba ne, ba ya kuma cikin bala'o'in ba-zata da ke warware yarjejeniya, don haka ba za a maido maka da kuɗi saboda shi ba. Idan kana son sauya rana, yanzu ne lokacin magana, tun sauran kuɗinka na hannunka.

Sharuɗɗan shiga ƙasa nauyinka ne, sai fa idan kamfanin ya ɗauka a rubuce. Fasfon kowa, har na yara, ya kasance da sauran wata 6 aƙalla. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara zai nuna katin rigakafinta, kuma tun 2016 katin yana aiki tsawon rayuwa. 'Yan wasu ƙasashe ba sa samun biza a filin jirgi, sai sun nema tun kafin tafiya, don haka ka tabbatar da matsayin fasfonka. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya ta dala 44, ko da suna da wata inshorar.

Tsakaninka da kamfanin jirgi kuwa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara haƙƙin fasinjojin jirgin sama, ita ce ke aiki a yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Idan jaka ta lalace, kana da kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce, idan ta yi jinkiri kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ita, ƙara kuma ba ta shiga bayan shekara 2. Iyakar diyyar kaya ga kowane fasinja tana kusa da dala 2,000. Kada ka bar filin jirgi ba tare da takardar rahoton kayan ba.

Ga abin da za ka yi a wannan makon. Ka rubuta musu wasiƙa mai kwanan wata, ka lissafa abubuwan da kake so a sa cikin yarjejeniya, ka ba su kwana 7. Idan sun amsa, ka biya cikon da katin banki zuwa asusun kamfani, ba na wani ma'aikaci ba, domin kati yana ba ka damar neman banki ya janyo kuɗin idan ba a yi aikin ba, galibi cikin kwana 120. Idan sun ƙi, ka nemi kafin alƙalaminka a rubuce. Za su iya cewa ba a maido da shi, amma sharaɗin da ba a sanar da kai ba kafin ka biya, a ƙa'ida ba ya hawa kanka. Idan sun dage, ka kai rasit da saƙonnin da kwafin wasiƙarka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ko kotun ƙananan basussuka ta inda kamfanin yake da rajista.